Tazargade da zazzaɓin cizon sauro: shin ganyen kasuwa shi ne na maganin asibiti?

Shin gaskiya ne tazargaden da ake sayarwa ƙulli-ƙulli a Kasuwar Barci da Kasuwar Kawo shi ne ganyen da ake yin maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti da shi? In kuwa shi ne, me zai hana mutum ya dafa abinsa a gida ya sha, ya huta da tsadar kemis?

Tambayar takan taso duk sa'ad da damina ta yi nisa, kwatoci suka cika a Rigasa da Tudun Wada, sauro ya hana barci a unguwannin bakin kogi irin su Kabala da Nasarawa. Saƙon murya ne zai fara yawo a WhatsApp. Wani ya ce Turawa sun ɗauke mana ganye sun mayar da shi ƙwaya suna sayar mana da tsada, wata ta ce ita rabonta da sayen maganin zazzaɓi tun zamanin korona. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, zancen ya ƙara samun masu sauraro, kuma ban ga laifin magidancin da ke da yara biyar a gabansa ba in ya tsaya ya kasa kunne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take shiga rai. Sai dai an cuɗa abubuwa uku wuri guda: sunan ganyen, sinadarin da ke cikin wani ɗan'uwansa, da adadin da jiki ke buƙata kafin cutar ta mutu. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya sannan amsa za ta fito.

Suna ɗaya, tsirrai da yawa

Masana tsirrai sun sanya tazargade cikin wani babban dangi da suke kira Asteraceae, mai ire-ire kusan 30,000 a faɗin duniya. Mun san wasunsu tun muna yara ba tare da mun san 'yan gida ɗaya ba ne: shuwaka, latas, da kashin yawo da ke maƙale wa mutum a ƙafar wando in ya ratsa gona bayan damina. Alamar dangin a fure take. Abin da ido ke ɗauka fure guda ne, in an duba da kyau, taron ƙananan furanni ne masu yawa da suka haɗu a kai ɗaya.

A cikin dangin akwai zuriyar da ake kira Artemisia, mai ire-ire tsakanin 400 zuwa 500, galibinsu masu ɗaci da ƙamshi mai ratsa hanci. Wanda duniya ta fi sani shi ne Artemisia annua, ɗan asalin Asiya, da ke tsirowa ya mutu cikin shekara guda. Yakan kai tsawon mita 2, ganyensa kore shar mai tsaga-tsaga, furanninsa ƙanana ne rawaya. Shi kaɗai ne a zuriyar ke da sinadarin atemisinin da yawan da za a iya tatsa a yi maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti. Akwai Artemisia absinthium na Turai da Arewacin Afirka, mai ganye toka-toka da ɗacin gaske. Akwai Artemisia herba-alba na hamada, wanda Larabawa ke kira shih suna shan sa don ciwon ciki da tsutsar ciki. Akwai Artemisia afra da ke fitowa daga tsaunukan Habasha har zuwa Afirka ta Kudu, wanda ko dai ba shi da atemisinin ko kuma ɗan abin da ke ciki bai kai a ambata ba.

Sai kuma wanda ba a cika jin sunansa ba ko a bakin 'yan boko, Artemisia maciverae. Masana biyu, Hutchinson da Dalziel, su suka raɗa masa wannan suna lokacin da suke tattara bayanan tsirran Afirka ta Yamma. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin Turawa, kuma a 1916 ya fitar da kundin sunayen tsirrai da Hausa. Wannan tsiro shi ne masu bincike a Zariya suka yi aiki a kansa a matsayin tazargade.

To, ga inda gizo ke saƙar. In ka bi rubuce-rubucen masu bincike na Najeriya za ka tarar wani ya kira Artemisia maciverae tazargade, wani ya kira Artemisia annua tazargade, wani kuma Artemisia absinthium. Kama da wane ba ta wane. A kasuwa kuwa busasshe ake kawo shi, an karairaya shi ko an ɗan daka, babu saiwa, sau da yawa babu cikakken fure. Masanin tsirrai kansa in ka miƙa masa irin wannan ƙulli sai ya kai shi ɗakin gwaji kafin ya yanke maka hukunci. Mai sayarwa bai yaudare ka ba. Abin da ya gada daga mahaifinsa shi ne suna da ƙamshi da abin da ake yi da ganyen, kuma a wannan ma'auni ya faɗa maka gaskiya. Ma'aunin bai isa ya nuna ko akwai atemisinin a ciki ba.

Yadda aka samo maganin a ƙasar Sin

Masu cewa Turawa ne suka ɗauke mana ganye sun kuskure ƙasa. Aikin na Sinawa ne, kuma yaƙi ne ya haife shi. Lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da sojoji a daji, kulorokwin kuma ya fara gazawa. A ranar 23 ga Mayu 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na sirri, shi ya sa ake kiransa Shiri na 523. A 1969 aka ɗora wata masaniyar harhaɗa magunguna, Tu Youyou, a kan ɓangaren da zai binciki magungunan gargajiya.

Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Wani ganye da Sinawa ke kira qinghao ya riƙa fitowa a tsofaffin rubuce-rubuce, amma in an gwada shi yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma ga wani likitan ƙarni na 4 mai suna Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Bai ce a tafasa ba. Daga nan ta yi tunanin zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsar sa da wani ruwan sinadari mai tafasa a ƙaramin zafi. A watan Oktoba 1971 samfurin ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye, a 1972 kuma suka ware sinadarin shi kaɗai. Ta sha shi da kanta kafin a ba marasa lafiya. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Abu biyu a labarin nan sun shafe mu kai tsaye. Na farko, su ma Sinawa sunan qinghao ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya a wurinsu, kuma sai da bincike ya tantance cewa Artemisia annua ne ke ɗauke da sinadarin. Na biyu, matar da ta gano maganin ba ta raina ilimin kakanninta ba, a cikinsa ta samo hanya, amma ba ta tsaya a jiƙo ba. Ta bi shi har sai da ta san abin da ke aiki da kuma nawa ake buƙata.

Madagaska da korona

Yawancinmu ba mu taɓa jin kalmar Artemisia ba sai a 2020. A ranar 20 ga Afrilu na shekarar, Kaduna tana cikin kulle, shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da wani tsimi mai suna Covid-Organics ya ce yana maganin korona. A watan Mayu shugaban Gini Bisau, Umaro Sissoco Embaló, ya kawo wa Shugaba Muhammadu Buhari kason Najeriya, shi kuma ya ce sai masana sun tantance kafin a ba kowa. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta yi gwajin. Ta tabbatar babban abin da ke ciki Artemisia annua ne, kuma ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. A watan Yuli cutar ta yi ƙamari a Madagaska kanta har aka sake kulle babban birninta.

A wannan tsakanin ne masu bayani da Hausa suka buƙaci sunan da mai sauraro zai gane, sai suka ce tazargade. Mutane suka yi rububin sayensa. Korona ta lafa, amma abin da ya zauna a zukata shi ne ganyen kasuwarmu da na maganin asibiti abu ɗaya ne.

Ko da shi ne, shayi bai kai ƙwaya ba

A ɗauka mutum ya yi sa'a, ƙullin da ya saya Artemisia annua ne na ainihi. Nan ma magana ba ta ƙare ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi so mai karatu ya natsu a kai.

Atemisinin yana zaune ne a cikin wasu ƙananan ƙulluttai da ke jikin ganye da fure. Yawansa ya danganta da irin da aka shuka, ƙasar da ya fito, lokacin da aka yanke shi, yadda aka shanya da tsawon zaman da ya yi a buhu. A wani ganyen bai kai kashi 0.1 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba, a irin da aka inganta yakan wuce kashi 1. Ƙulli biyu masu girma ɗaya suna iya bambanta ninki goma ko fiye, ido ba zai gani ba, harshe ba zai ji ba, domin ƙamshin daga wasu sinadarai daban yake fitowa, ɗacin ma ba daga atemisinin kaɗai yake ba. Sannan atemisinin ba ya narkewa sosai a ruwa, doguwar tafasa kuma tana rage shi.

An auna wannan. A wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2004, an haɗa shayi da giram 9 na busasshen ganye mai kyau a lita ɗaya ta ruwa. Abin da aka samu a ciki miligiram 94.5 ne, wato kusan kashi 19 cikin 100 na abin da ake ba babba a rana. A shekarar dai aka wallafa wani gwaji da aka yi a gabashin Kwango kan masu zazzaɓi. Bayan kwana 7, kashi 74 cikin 100 na waɗanda suka sha shayin sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 91 na waɗanda suka sha kwinin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar ta dawo wa da yawa daga masu shayin a makonnin da suka biyo baya.

Dalilin dawowar yana cikin halin sinadarin. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta ci abin da ke cikinsu, a nan take sakin ƙarfen da ke jini. Da atemisinin ya haɗu da wannan ƙarfe sai ya tarwatse ya illata ƙwayar daga ciki. Yana da sauri ƙwarai, a kowane zagayen rayuwar ƙwayar na sa'o'i 48 yakan rage yawanta ninki kusan 10,000. Amma ba ya daɗewa, cikin 'yan sa'o'i jiki ya fitar da shi. Wanda zazzaɓi ya kwantar yana iya ɗauke da biliyoyin ƙwayoyin cutar, saboda haka ko an kashe mafi yawa akwai ragowa. Shi ya sa ba a ba da shi shi kaɗai. Maganin asibiti da ake kira ACT haɗi ne na ɗan gidan atemisinin da wani magani na biyu mai daɗewa a jini kwanaki, kamar lumefantirin ko amodiyakwin. Manomi ya san in ya yi noman farko ya ƙi komawa maimai, ciyawar da ta tsira ita za ta cinye gonar. Na farkon yana share mafi yawa, na biyun yana bin ragowar. Shayi ba shi da na biyun, na farkon ma bai cika ba.

Mai shan shayin da ya ce ya ji sauƙi ba ƙarya yake yi ba. Babban mutum da ya girma a Kaduna sauro ya cije shi shekara da shekaru, jikinsa ya saba da cutar har yana iya danne ta da ɗan taimako kaɗan. Zazzaɓin ma da kansa yakan sauka ya sake tashi. Wani kuma tun farko mura ce ko gajiya ke damunsa, da ma zai warke. Yaro ɗan shekara 2 ba shi da wannan garkuwa, cutar tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko ta shanye masa jini cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2023 mutum miliyan 263 suka kamu a duniya, kimanin 597,000 suka rasu. Najeriya ce ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen, kuma a Afirka kusan uku cikin kowane huɗu da ke rasuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Shaidar da uba ya bayar a kan jikinsa ba ta hau kan ɗansa ba.

Abin da aka gano a Zariya

Idan kuma abin da ke cikin ƙullin Artemisia maciverae ne fa? A Jami'ar Ahmadu Bello wasu masana sun yi aiki a kansa, suka wallafa sakamako a wajajen 2008 da 2009. Sun tatsi ganyen da wani ruwan sinadari mai suna kulorofom, suka ba ɓerayen da aka sanya wa nau'in maleriyar ɓeraye, kuma ya rage ƙwayoyin cutar a jininsu. Wannan abin farin ciki ne, ya nuna kakanninmu ba a banza suka riƙe ganyen ba. Amma masanan ba su tsaya nan ba. Sun ci gaba da ba dabbobin tatsattsen ganyen na tsawon makonni, suka ga alamun illa a hanta da ƙoda idan adadin ya yi yawa.

Masu yaɗa saƙo sukan ɗauki rabin farko su bar na biyu. Sukan kuma manta cewa abin da kulorofom ke fitarwa daga ganye daban yake da abin da ruwan zafi ke fitarwa a tukunya, kuma tsakanin ɓera da ɗan'adam akwai gwaje-gwaje masu tsawo. Dubban tsirrai sun yi aiki a jikin ɓera suka kasa a jikin mutum.

Akwai kuma wani sinadari mai suna tujon da ake samu a Artemisia absinthium da wasu 'yan'uwansa na hamada. In ya yi yawa a jiki yana kawo jijjiga. Jijjiga kuwa tana cikin alamun zazzaɓin da ya yi tsanani, don haka uwa tana iya ganin yaro yana shiɗewa ta ƙara masa jiƙon da ke ƙara dagula lamarin.

Hujjar masu goyon bayan ganyen

Ba 'yan WhatsApp kaɗai ke kare shayin ba. Akwai ƙungiyoyi a Turai, irin su Anamed ta Jamus da La Maison de l'Artemisia ta Faransa, da ke raba iri a ƙasashen Afirka suna koyar da shuka shi da shan sa. Hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa mutumin ƙauyen da ke nesa da asibiti, ko wanda kemis ya sayar masa da jabun magani, gara ya samu wani abu da a ce bai samu komai ba. Suna cewa ganye ɗungurungum yana ɗauke da wasu sinadarai da ke taimaka wa atemisinin shiga jini, kuma akwai masu bincike a Amurka da ke gwada ƙwayoyin da aka yi da garin busasshen ganye. Suna kuma nuna cewa Sinawa sun daɗe suna amfani da ganyen tun kafin a san asibiti.

Batun talauci da jabun magani gaskiya ne, duk wanda ya zauna a Najeriya ya sani. Inda hujjar ta yi rauni shi ne shaida. Babban binciken da suka fi dogara da shi, wanda aka ce an yi a Kwango ya nuna shayin ya fi ACT, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2020 bayan an gano matsaloli a alƙalumansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake duba duk abin da ke ƙasa, ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin ganyen Artemisia don magani ko rigakafin zazzaɓin cizon sauro. A ganina mutunta ilimin gargajiya ya haɗa da auna shi da ma'aunin da ake auna kowane magani, kamar yadda Tu Youyou ta yi wa nata.

Haɗarin da ya wuce gida ɗaya

Manyanmu suna tuna zamanin kulorokwin, lokacin da 'yan kwabbai ke sayen maganin zazzaɓi, in ban da ƙaiƙayin da yake sa wasu. Ƙwayar cutar ta fara bijire masa a ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya, bijirewar ta iso gabashin Afirka a 1978, daga baya ta game nahiyar, yara da yawa suka rasu a tsakani. Fansidar ma ya bi sahu. Shi ya sa Najeriya ta koma ACT a 2005.

Bijirewa tana samuwa ne idan ƙwayar cutar ta haɗu da maganin da bai kai ya kashe ta duka ba. Masu rauni su mutu, masu ɗan juriya su tsira su hayayyafa, sauro ya ɗauka ya kai gidan maƙwabci. An fara ganin haka ga atemisinin a yammacin Kambodiya a wajajen 2008, inda aka daɗe ana sayar da shi shi kaɗai ba haɗi. Yanzu an tabbatar da alamun bijirewar a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kamfanoni su daina sayar da ƙwayar atemisinin tsura, kuma shayin ganye atemisinin ne tsura, mai rauni ma.

Lissafin ke nan da ke gaban mai ƙullin tazargade. In babu atemisinin a ciki, maras lafiya bai sha maganin cutarsa ba, lokaci kuma yana tafiya. In akwai, ya sha kaɗan ne, irin kaɗan ɗin da ke koya wa cutar juriya. Allurar atesunet da ake ceton yaran da suka galabaita da ita a asibitocin Barau Dikko da Shika daga gidan atemisinin ta fito. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2010, kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya nuna ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Ita ce muke sa wa a caca.

Manomin da ake kwaɗaitarwa

Ana kuma jin masu cewa a shuka Artemisia annua akwai kuɗi. Ana noman sa a Sin, Biyetnam, Kenya, Tanzaniya, Yuganda da Madagaska, kuma yana yi a Najeriya. Amma manomin Giwa ko Kachia ya san abu biyu kafin ya ba shi fili. Tsiron yana yin fure ne da zarar yini ya gajarta ƙasa da kimanin sa'o'i 13 da rabi, mu kuwa yininmu bai kai haka ba ko a tsakiyar damina, saboda haka irin da ba a inganta don ƙasashe masu zafi ba zai yi fure tun yana ƙarami, ganyen ya yi kaɗan. Sannan mai sayen ganyen masana'antar tatsa ce, ita kuma da awon sinadari take saye. Farashin atemisinin ya taɓa haura dala 1,000 kan kilo a 2005, cikin shekara biyu ya faɗo zuwa wajen dala 200, manoma a gabashin Afirka suka yi asara. Tun 2013 kuma ana iya haɗa shi a masana'anta ta hanyar amfani da yis. Wanda bai da yarjejeniya da mai saye a hannu kada ya ba shi gonar masararsa.

Matsayin tazargade a gida

Ba na cikin masu cewa a zubar da shi. Iyayenmu mata sun san shi da sirace lokacin mura da turara ɗaki, kuma man da ke ba shi ƙamshi yana buɗe hanci da gaske. Babba mai mura in ya yi siracensa babu wanda zai hana shi. A dai kula da ƙananan yara kusa da tafasasshen ruwa, kuma kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, musamman inda akwai jariri ko mai asma. Ɗura wa jariri jiƙonsa kuwa, ko mai ciki ta riƙa sha, wannan a bar shi, domin babu mai iya faɗin wane iri ne a ƙullin balle yawan abin da ke ciki.

Zazzaɓi kuma a fara da gwaji. Ɗigon jini daga ɗan yatsa ne, cikin minti 15 zuwa 20 an san matsayi, kuma yana hana a yi ta shan maganin maleriya alhali taifot ne ko ciwon haƙarƙari. In gwaji ya nuna ita ce, ACT na haɗin atemita (ɗan gidan atemisinin) da lumefantirin sha 6 ne cikin kwana 3, na biyu sa'o'i 8 bayan na farko, ana bin sa da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jini sosai. A shanye duka ko da jiki ya yi daɗi a rana ta biyu, kada a ajiye ragowa don wani yaron. A kankare wurin da aka rufe a jikin kwalin a tura lambar don tabbatar da ingancinsa. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Ga masu sayen tsimin kwalba da aka rubuta Artemisia a jiki, lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L tana nufin hukumar ta duba cewa abin ba ya cutarwa a gwajin da ta yi. Ba ta tabbatar yana warkar da cutar da aka lissafa ba, kuma in ka duba da kyau za ka ga an rubuta hakan da ƙananan haruffa a jikin kwalbar.

Akwai aikin da nake fatan masananmu na ABU da KASU su ɗauka, kuma bai fi ƙarfinsu ba. A bi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da Sabon Garin Zariya da Kafanchan, a sayi tazargade daga hannun masu sayarwa daban-daban, a tambaye su daga ina ake kawo musu, a tantance kowane samfuri wane iri ne, a auna atemisinin da tujon da ke ciki. A yi aikin tare da masu maganin gargajiya, domin su suka san hanyar da kayan ke biyowa, sannan a faɗi sakamakon da Hausa a gidajen rediyon Kaduna kafin damina ta gaba.